Mun yi gangami jama'a sun cika amma har yau shiru, mu sake wani ne?

Ɗan'uwa na karanta tambayarka har ƙarshe. Ka ce ku matasan unguwa kun gaji da ambaliya saboda babban lambatun da ya toshe shekara da shekaru, kuka shirya gangami zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, jama'a suka fito fiye da yadda kuka zata, wani jami'i ya fito ya karɓi takardarku ya yi alƙawari, 'yan jarida suka ɗauka, yau wata huɗu kenan ko shebur ɗaya ba a saka ba, guruf ɗinku na WhatsApp kuma ya koma wajen tura bidiyo da jifan juna da magana. Kana tambaya ko ku sake wani gangamin da ya fi na farko, har wasu na cewa wannan karon a tare babban titi.

Ni dai shawarata kar ku sake tukuna. Na daɗe ina aiki da ƙungiyoyin unguwanni da na sa-kai kuma abun da ya same ku na gan shi ya fi a ƙirga, kusan kullum matsalar ɗaya ce, an ɗauki ranar gangami a matsayin ita ce aikin gabaɗaya alhali ita rana ce kawai ta nuna ƙarfin da aka riga aka tara. Shi mutumin da ke zaune a ofis ai ba yaro ba ne, yana leƙowa ta taga yana lissafi: mutanen nan za su dawo kuwa? Cikinsu akwai wanda zai hana ni barci sati mai zuwa? In ya ga amsar a'a ce sai ya turo mataimakinsa ya yi muku romon baka a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa, shikenan an yi taron tsintsiya ba shara. Kuma kar ka ɗauka yawan mutane kaɗai zai canza wannan lissafin. Ranar 15 ga Fabrairu 2003 miliyoyin mutane suka fito a biranen duniya suna adawa da yaƙin Iraƙi, na Landan ma ana ɗaukarsa gangami mafi girma a tarihin Birtaniya, amma a watan Maris aka fara yaƙin.

Bari in tambaye ka abu, ka amsa wa kanka tsakani da Allah. Mutanen da suka fito ranar nan, sunayen mutum nawa ke hannunku da lambar waya da layin da suke zaune? Bana nufin waɗanda ke guruf, guruf ko wanda bai damu ba yana ciki ya kashe sauti. Ina nufin littafi ko takarda wanda in yau aka ce ana son mutum talatin gobe da ƙarfe goma za ku iya kira ɗaya bayan ɗaya. Yawanci in na yi wannan tambayar shiru nake ji. Toh kaga an tara dukiya an bar ta ta watse kenan, domin riba mafi girma da ake samu a gangami ita ce sunayen nan.

Mutane suna son ba da labarin Rosa Parks kamar wata mata ce ta gaji ta ƙi tashi ta ba wani Bature kujerarta a bas a birnin Montgomery na Amurka ranar 1 ga Disamba 1955 sai kawai gari ya tashi. Ba haka aka yi ba. Ita kanta sakatariya ce ta reshen garin na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata a Amurka, ta shekara da shekaru tana tattara ƙorafe-ƙorafen cin zarafi. Akwai kuma wata ƙungiyar mata ƙarƙashin Jo Ann Robinson, malamar kwaleji, wadda tun 1954 ta rubuta wa magajin gari wasiƙa tana gargaɗin cewa in ba a gyara ba baƙaƙe za su iya ƙaurace wa bas. Shi ya sa daren da labarin kama Rosa Parks ya iso wa Jo Ann, ta kwana tana buga dubban takardun sanarwa, gari na wayewa kuma akwai hannayen da za su raba su makarantu da shaguna domin hanyar rabawar a shirye take tun tuni. Ƙauracewar ta fara 5 ga Disamba ta yi kwana 381. Yanzu ka tsaya ka yi tunani, talakawa masu aikin gidajen mutane, ta yaya za su shekara ba su hau bas ba su kuma ci gaba da zuwa aiki? Sun haɗa motoci kusan 300 na masu sa-kai da tashoshin ɗauka da saukewa, ana tara kuɗin mai a majami'u, ana taro duk sati ana ƙarfafa wa juna gwiwa, can gefe guda kuma lauyoyi sun shigar da ƙara wadda ta kai har kotun ƙoli ta yanke hukunci a Nuwamba 1956. Kuma sun taɓa inda ke da zafi, domin mafi yawan fasinjojin bas ɗin baƙaƙe ne, kamfanin asara yake tafkawa kullum. Wannan aikin na bayan fage, mai gajiyarwa wanda ba a ɗaukarsa a hoto, shi ne ya ci nasarar.

Wani abun da mutane ba su cika sani ba, buƙatunsu na farko ƙanana ne ƙwarai, guda uku: direbobi su dena wulaƙanta fasinja, wanda ya riga shiga ya zauna ba a tashe shi ba, a ɗauki baƙaƙe aikin tuƙi a layukan da fasinjoji baƙaƙe suka fi yawa. Wannan ya kawo ni kan takardar da kuka miƙa. Ban gan ta ba amma zan iya yin rantsuwa akwai lambatu a ciki, akwai titi, akwai asibiti, akwai rashin aikin yi, akwai wutar lantarki, ƙila har da tsaro, domin in ana rubuta irin wannan takardar kowa sai ya ce a saka nasa. Takarda mai buƙata goma sha biyu ita ta fi wa jami'i daɗi wallahi, zai ce duk mun gani za mu duba, kuma ba ranar da za ka iya kama shi ka ce ya saɓa. Shi kansa Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar baƙaƙen Amurka, ya gamu da wannan a garin Albany na jihar Jojiya a 1961 zuwa 1962, an yi ta zanga-zanga an cika gidajen yari ba a samu wani abun kirki ba, daga baya ya yarda cewa sun tunkari wariyar launin fata ne gabaɗayanta maimakon su kama ɓangare ɗaya su kayar.

Saboda haka ku koma kan lambatun kaɗai, kuma ko shi ku yanka shi daidai baki. "A magance ambaliya" ba buƙata ba ce, fata ne. Buƙata ita ce a yashe lambatun daga mahaɗa kaza zuwa gada kaza, a sauya kwalabatin da ya rufta, kafin rana kaza wato kafin ruwan sama ya sauka. Abun da za a iya cewa eh ko a'a a kansa, kuma ranar da wa'adi ya cika ko makaho ya san an yi ko ba a yi ba.

Sai kuma wa kuke nema. Gwamnati ba ta da kunne, mutum ne ke da kunne. Kun tabbata ma lambatun nan na ƙaramar hukuma ne? A wurare da yawa manyan magudanan ruwa da manyan tituna suna hannun gwamnatin sama ko wata hukuma daban, sai ka ga mutane sun yi wata shida suna ihu a ƙofar wanda ko yana so ba shi da hurumi, shi kuma ba zai gaya muku ba don kar a ce ba shi da iko. Ku nemo tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya daga sashen ayyuka, kowace unguwa ba ta rasa irinsu kuma suna jin daɗi a tambaye su, ya faɗa muku wa ke sa hannu, fayil daga teburin wa yake tashi zuwa na wa, a wane wata ake haɗa kasafin kuɗi. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci sosai, in kun zo bayan an rufe kasafi amsar da za ku ji ita ce babu shi a bana, kuma gaskiya ya faɗa. In kuma kun duba kun ga aikin yana cikin kasafin bara ko na bariya har an fitar da kuɗi, toh magana ta canza, kun samu abun da ya fi mutum dubu a titi.

A nan nake son ba da misalin mutanen jihar Rajastan a Indiya. A tsakiyar shekarun 1990 wata ƙungiyar leburori da ƙananan manoma da ake kira MKSS ta fara wani abu mai sauƙi, su samo kwafin takardun ayyukan gwamnati na ƙauye, rajistar leburori da rasitan kayan aiki, su tara mutanen ƙauyen a fili su karanta da ƙarfi. Ana karantawa sai wani ya miƙe ya ce wannan da aka rubuta an biya ai ya shekara da rasuwa, wani ya ce ginin nan da aka ce an gama ga filin can ko tushe babu. Ba zagi ba jifa, takardar hukuma ce da kanta ake karantawa a gaban waɗanda suka san gaskiya. Wannan gwagwarmayar tana cikin abubuwan da suka haifar da dokar 'yancin samun bayanai ta Indiya a 2005. Ƙasashe fiye da ɗari suna da irin wannan dokar yanzu, ku bincika ko taku na ciki, in tana ciki ku rubuta ku nemi takardar kwangilar da sunan ɗan kwangila da abun da aka biya.

Kuma don Allah duk takardar da za ku kai ofis ku yi ta kwafi biyu. Ku miƙa ɗaya, ɗayar ku sa mai karɓa ya buga mata hatimi ya rubuta kwanan wata ya sa hannu, ku dawo da ita gida a saka a fayil. Zai ce ba sai an yi haka ba, ku ce ranka ya daɗe a taimaka dai, ku tsaya har ya buga. Bayan sati biyu ku rubuta ta biyu kuna ambaton ta farko da kwanan watanta, ku aika kwafi ga kansila da ɗan majalisar yankin. Ranar da kuka zauna da ɗan jarida kuka jera masa takardu huɗu masu hatimi da hotunan ruwa a cikin ɗakunan mutane kowanne da kwanan wata da sunan layi, labari ya samu, domin shi ɗan jarida hujja yake nema da zai kare kansa a gaban edita. Ku ƙirga gidajen da ruwa ya shiga, ku ƙirga shagunan da suka yi asara da ranakun da yara ba su je makaranta ba. Ku ƙirga da gaske fa, kar a ƙara gishiri, lamba ɗaya ta ƙarya in aka kama ta ta rusa sauran.

Ƙirgar nan ita za ta kai ku ƙofa ƙofa, wanda shi ne asalin aikin. Lois Gibbs matar aure ce kawai mai yara biyu a unguwar Love Canal ta jihar New York, a 1978 ta gano makarantar ɗanta a kan juji na dafin masana'anta aka gina ta, hukumar makaranta ta yi kunnen uwar shegu da ita, sai ta ɗauki takarda ta fara bin gidaje tana neman sa hannu. A bakin ƙofofin nan ne ta fara jin labarin ɓarin ciki da cututtukan yara gida bayan gida, kowa yana zaton shi kaɗai ne. Daga nan ƙungiya ta tashi, aka kwashe ɗaruruwan iyalai, a 1980 Amurka ta yi dokar tsaftace irin waɗannan wuraren. In kun shiga gida kar ku fara da jawabi, ku tambaya ku saurara: ruwan bara ina ya kai muku? Me kuka rasa? Wa kuka gaya wa? Kuma kuna zaune kuna lura da wanda in ya yi magana layin ke saurara, sau da yawa ba mai yawan surutu a guruf ba ne, wata uwa ce da duk matan layin ke zuwa wajenta, ko mai shagon da kowa ke zama a bencinsa. Mutum goma irin waɗannan sun fi mabiya dubu biyar a Facebook. Sannan gangamin matasa maza zalla yana da sauƙin yi wa fenti, a ce 'yan ta-da-zaune-tsaye ne wani ya ɗauko haya. In akwai iyaye mata da dattawa da malaman makaranta da 'yan kasuwa a sahun gaba, bakin mai son faɗin haka ya mutu.

Kafin gangami na biyu ku nemi zama da mai sa hannun. Mutum biyar zuwa bakwai sun isa, ku raba aiki tun daga gida: wanda zai buɗe, wadda ruwa ya ci ɗakinta ta faɗi nata a minti biyu, mai lambobi ya kawo lambobi, mutum ɗaya ya faɗi buƙata ya tambaya ƙarara yaushe za a fara, wani kuma ba ruwansa da magana rubutu kawai yake. Zai so ya ja ku hira, ya yabe ku ya ce ku ne manyan gobe, ya ba ku labarin rashin kuɗi. Ku saurara da ladabi ku dawo kan tambayar, yaushe. Washegari ku aika masa takardar godiya da ta ƙunshi abun da ya faɗa da ranar da ya ɗauka. Kuma doka ce kar mutum ɗaya ya je shi kaɗai, ko shugaba ne, domin ta nan ake sayen ƙungiya, ko ba a saye shi ba ma zargi kaɗai ya isa ya raba ku.

Maganar kuɗi in taɓa ta a gurguje tunda ita ke kashe yawancin ƙungiyoyi. Karo-karo kaɗan daga mutane da yawa ya fi kyauta mai tsoka daga mutum ɗaya, a sa mutum biyu kan asusu, a karanta shiga da fita a kowane mitin ko ba wanda ya tambaya. Ɗan siyasa kuwa zai zo, musamman na adawa, ya ce zai buga muku riguna ya kawo lasifika. Ku karɓe shi hannu biyu a matsayin ɗan unguwa, ya sa hannu a takarda kamar kowa, amma rigarsa da fostarsa su tsaya a gida, ranar da hotonsa ya hau gangaminku rabin unguwa sun fita kuma wanda kuke nema ya samu hujjar cewa siyasa ce.

Batun tare titi kuwa ban goyi baya ba, a wannan matakin dai. Wanda zai maƙale a titin nan mai kai mara lafiya asibiti ne da ɗan ƙwadago mai sauri, mutanen da kuke buƙatar tausayinsu, shi mai sa hannun ta wata hanyar zai bi. Kuma kun miƙa wa hukuma dalilin kama ku, labari ya tashi daga lambatu ya koma belin yara. Ku duba inda zafin yake tukuna. Lokacin da gwamnatin Kenya ta so gina bene mai hawa 60 a dandalin Uhuru na Nairobi a 1989, Wangari Maathai, 'yar gwagwarmayar kare muhalli, wasiƙu ta dinga rubutawa ga hukumomi da jaridu da waɗanda ke da hannu a kuɗin aikin daga waje, an zage ta a majalisa an kori ƙungiyarta daga ofis, amma masu zuba jarin suka janye aikin ya mutu. Naku mutumin ƙila abun da yake tsoro zaɓe ne, ƙila maigidansa ne, ƙila mai binciken kuɗi ne, ku gano wanne ne.

In wa'adin da ya ɗauka ya wuce ba a yi komai ba, toh a nan gangami na biyu ke da ma'ana, domin yanzu kuna da suna da rana da alƙawarin da aka saɓa. Haƙƙinku ne, sashe na 21 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙin jama'a da siyasa ya amince da taron lumana, sai dai ƙa'idar sanar da 'yan sanda ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ku tambayi lauya, ku rubuta lambarsa a takarda kowa ya riƙe. Ku naɗa masu kula da layi da wata alama a hannu, aikinsu su raba duk wanda ya ɗauki dutse da taron, sau da yawa ma ba naku ba ne turo shi aka yi. Ɗaliban birnin Nashville na Amurka kafin su fara zaman dirshan a wuraren cin abinci masu wariyar launin fata a 1960 sai da James Lawson, wani mai koyar da gwagwarmayar lumana, ya yi watanni yana horar da su, wasu su zauna wasu su zage su su ture su, don a ga wa zai iya daurewa. Gandhi kuwa a 1922 dakatar da gwagwarmayar ƙasar Indiya baki ɗaya ya yi bayan masu zanga-zanga sun ƙona ofishin 'yan sanda a Chauri Chaura sun kashe fiye da 20. Akwai binciken Erica Chenoweth da Maria Stephan da ya duba gwagwarmaya 323 daga 1900 zuwa 2006, na lumana suka yi nasara kashi 53 cikin ɗari, masu makami kashi 26. Manyan gwagwarmayoyi na ƙasa suka duba ba rikicin lambatu ba, amma dalilin da suka bayar ya shafe ku, in ba tashin hankali tsoho da mace mai goyo za su iya fitowa, da an fara jifa kuwa sai majiya ƙarfi.

Ku sa lokacin farawa da na tashi ku kuma cika shi, a tanadi ruwan sha, masu jawabi kar su wuce huɗu, a share wurin kafin a watse. A kowace kusurwa a ajiye mutum biyu da littafi da biro suna rubuta suna da lamba da layi, kuma kafin a sallami jama'a a sanar da su ranar mitin na gaba da wurin da za a yi shi, kar ya wuce sati ɗaya.